Raket da Muciya

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, ɗana da ke aiki a Abuja ya koya mini fikilbol, wasa mai kama da tanis, a tsakar gidanmu na Tudun Ƙofa. Raket uku, wato abin buga ƙwallon, ya kawo in zaɓa. Mai nauyin tana cilla ƙwallo har maƙwabta, marar nauyin kuma ba ta da ƙarfi. Sai na jujjuya kowacce yadda nake gwada muciya a kasuwa, ta tsakiyar ta zauna mini a hannu.

"Mama, ba fa tuwo za ki tuƙa ba," in ji shi yana dariya.

Shi mai nauyin ya ɗauka. Har yau shi ke sallama a maƙwabta neman ƙwallo, ni ina inuwa ina jiransa.