Maganin Kawu Bukar, Safe da Yamma

A shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, da kaka, ruwan fadama ya fara ja, aka taru a zaurenmu a Haɗeja. Akwai Baba, da kakata Ya Falmata, da Gwaggo Hajjo mai daddawa, da Ilu wanzami, da malamin asibiti da ya zo a keke, sai ni a bakin ƙofa ina sharar inda na riga na share. Sai kuma Kawu Bukar masunci, autan Ya Falmata, wanda aka taru dominsa, yana kallon bango. Tun da ya tuɓe kaki bai ce uffan ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ƙaho, har Baba ya fara zancen a sa masa mari a ƙafa.

Malamin asibiti ya ce ba allura, ba ƙwaya. "Abin da ya gani can ne ya danne masa rai. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku riƙa yi masa hira, ku mai da shi sana'arsa." Ya Falmata ta ce, "Malam, hirar nan sau nawa ake ba shi?" Ya yi dariya ya ce safe da yamma. Dariyar nan ita ta ja mana, don tsohuwar ba ta wasa da magani.

Zancen sana'a ya bi iska, hira kawai tsohuwar ta riƙe, ta raba mu kamar gayya. Da hantsi Gwaggo Hajjo za ta zauna, warin daddawa na tashi, ta zayyana masa duk wanda ya ɓata mata rai daga Miga har Malam Madori. Da la'asar wanzami ya kawo tarihin kowane maruru da ya taɓa tsagawa. Ni aka ba ni tatsuniya da rana tsaka, abin da kullum ake hana mu, kuma guda ɗaya na iya. Kana yin shiru tsohuwa za ta leƙo: "Ƙara masa, bai ratsa shi ba!"

Ran nan Gwaggo ta sake ɗauko labarin akuyarta da ta ɓata, sai Kawu ya juyo ya ce, "Hajjo, don Allah kura ta cinye akuyar nan mu huta!" Gida ya kaure da guɗa. Ya Falmata ta ce magani ya kama, a ninka. Jin haka Kawu ya sunkuci goransa na iyo da komarsa ta kamun kifi ya yi kogi, wurin abokansa masunta masu yini kan ruwa ba mai tambayar wani komai. Ya dawo da tarwaɗa, ya ci tuwo, ya yi barci. Ba a sake zancen mari ba.

Yanzu jikata mai aikin jinya ta ce har karantar da wannan maganin na hira ake yi. Ina dai jin ta. Gidajen yau kowa ƙofarsa a rufe, wanda abu ya danne wa rai ba ya samun ko mai isarsa da surutu.

Ni kam washegarin ranar da ya yi kogi, da sassafe na bi Kawu bakin kogi da tatsuniyata, don ba wanda ya ce a daina magani. Yana hango ni ya kife kan gora ya yi tsakiyar ruwa.