Kwatar Layinmu da Ƙuri'ar Umma

Lakwaja zuwa Zuba

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓen 'yan majalisar jiha, ana idar da sallar asuba na saɓi jakata na nufi tasha. A Lakwaja nake koyarwa, amma rajistata tana Gwammaja. Dole in kwana a Kano, don gobe ba motar da za ta motsa.

Abin da ya taso ni kwata ce. Kwatar layinmu ta toshe, daminar bara ruwa ya ci katangar ɗakin Umma, mahaifiyata. Allah ya sa tana tsakar gida lokacin. Duk cikin 'yan takara mutum ɗaya ne ya yi zancenta, Malam Shu'aibu, tsohon hedimastanmu, wanda ya bi layi da ƙafa yana nuna inda za a haƙa da inda ruwa zai fita. Tun watannin baya nake damun Umma da wannan bayani a waya, har ta haddace.

Zuba zuwa Kaduna

A Zuba na samu motar Kano, amma sai da hantsi ya yi ta cika. Ni dai na kasa zama, in shiga in fito. Muna tashi direba ya saka waƙar abokin karawar Malam, wani Alhaji mai gidajen mai.

"Direba, me mutumin nan zai yi mana?"

"Yallaɓai, ka ji gangar nan kuwa?"

"Na ji. Me zai yi?"

"Wanda ya iya biyan wannan waƙa ai komai ma zai iya!"

Mota ta kwashe da dariya, ni na tsuke fuska. A shingen sojoji aka sauke kaya kaf, aka mayar. A Kaduna muka yi Juma'a, na ci shinkafa da wake a tsaye. Ina wanke hannu na ji wani yana rera amshin waƙar nan a hankali. Na waiga, ashe ni ne.

Zariya zuwa Kano

Mun wuce Zariya rediyon Kano ta fara kamawa. Sojojin baka ne, masu sayen fili a rediyo su yabi ubangidansu su zagi na wani. Wannan ya ce taronsu ya fi cika, wancan ya ce gwaninsa ya fi iya karya hula. Na kasa kunne ko wani zai ce kwata, ko ruwa, ko makaranta. Shiru. Wajen Kwanar Ɗangora taya ta fashe, na riƙa zagaya motar kamar ni zan gyara.

Da magariba muka shiga gari. Mai adaidaita ya bi da ni ta Ƙofar Kabuga, kuma daga nan har ƙofar gidanmu murmushin Alhaji ne a kowane bango, da tambarin jam'iyyarsa, hoton tsani. Har sabuwar katangar Umma an manna. Na Malam ban ga ko ɗaya ba.

Asabar, Gwammaja

Da sassafe na raka Umma layin mata, na koma na maza. Takardar zaɓe ba suna, ba hoton kowa, tambarin jam'iyyu ne kawai. Na lalubo tulu, na jam'iyyar Malam, can ƙasa, na dangwala.

A gida na tarar da ita tana goge tawada a yatsa, fuskarta a sake.

"To, na cika maka alkawari. Na zaɓi Malam ɗinka."

"Madalla, Umma. Kin ga tulun da wuri?"

"Wane tulu? Na duba ban ga fuskarsa ba, sai na ga tsanin nan da na sani. Na ce ai shi ne, tunda shi aka manna mana a gida. Har matan layi na ce su bi ni."

Na koya mata zurfin kwata da faɗinta, ban taɓa ce mata tulu ba. Na buɗe baki, na ga yadda take murna, na ce Allah ya ba da lada.

Lahadi, komawa

A mota, daf da Kaduna, aka faɗi sakamako. Alhaji ya lashe, Malam ya zo na huɗu. Direba ya yi ta danna hon. Ban ci komai ba har Lakwaja, inda na isa bayan la'asar lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni.

Ban gama cire takalmi ba wayar Umma ta shigo.

"Ka sauka lafiya? Yauwa. Na ji an ce tsaninmu ne ya ci. Ka tambayar min Malam yaushe za su fara haƙan. Yau na ga hadari ta gabas."