Ranar da Kawu Nata'ala ya turara ƙudan zuma

Kawu Nata'ala mai sayar da turare ne a kasuwar Kurmi, mutumin da ko ɓera ya gilma sai ya yi salati. Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano ya ji Turawa na sayen kakin zuma, sai ya rataya amya a tsamiyar bayan gidansa a Madabo. Ƙudan suka shiga, shi kuwa wata huɗu bai kusanci bishiyar ba.

Da lokacin ɗiba ya yi, ya tambayi wani baƙauye. Mutumin ya ce, "Turara su kawai, Malam." Hayaƙin kashin shanu yake nufi. Kawu kuwa ya cika kasko da turaren wuta, ya shafe rigarsa da miski, wai girmama baƙi.

Yana hawa suka taso baƙi ƙirin. Ya diro yana ihu, ya ruga cikin gida, sai ga tsohuwarsa, makauniya, zaune a tsakar gida.

Ta ce, "Me ke ruri haka, Nata'ala?"

"Inna, kada ki motsa! Ko tari kada ki yi!"

Ɗaki yake so ya faɗa, amma ƙofar tana bayanta, ƙudan kuma ƙamshinsa suke bi. Sai ya juya, ya tsallake katanga, ya ja su har kududdufin unguwa, ya faɗa ciki da rawaninsa.

Da la'asar muka tsamo shi, idanu sun kumbure, leɓe kamar na raƙumi. Da ƙyar ya ce, "Inna fa?"

Na ce, "Ko ɗaya bai taɓa ta ba, Kawu. Tana can tana tambaya wai ina zumarta."