Ranar da ordinaterna ya zama malamin duba

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Yamai, ni da abokin aikina da direbanmu, wanda bakinsa ba ya hutawa. Gaya muka nufa. Bututun mai ya bi ta can kafin ya shiga Benin, mu kuma muna da wani shiri a ordinater, wato kwamfuta, da ke kwatanta inda man zai malala in bututun ya ɓule. An ce mu je mu nuna wa mutanen bakin kogi.

Hanya lafiya lau, sai dai shingayen soja. A kowane shinge sai an buɗe jakata, a leƙa ordinater, a leƙa fuskata. Mun karya da ƙosai a Doso. Daga nan ƙasa ta fara kore, ga giginya, ga rake jibge a bakin titi. A Gaya kuwa, tun da aka rufe gadar shiga Benin manyan motoci sun yi jugum, masu kwalekwale ne ke shanawa. Kifi ya yi tsada, amma na ci soyayye har na manta aiki ya kawo ni.

Da la'asar muka zauna da mutanen wani ƙauye a gindin mangwaro. Na buɗe taswira na danna, baƙin tabo ya fito daga bututu yana rarrafe har ya rufe wata fadama. Ina laluben Hausar da zan yi bayani, direba ya riga ni.

"Jama'a, na'urar nan duba take yi, tana faɗin abin da zai zo!"

Mutanen Dendawa ne, Hausar kasuwa gare su, kuma duba ɗaya suka sani, na malami mai zana ƙasa. Wani dattijo ya tashi shiru ya tafi. Aka ce mini fadamar tasa ce.

Washegari da safe na tarar da shi a ƙofar masaukinmu rungume da farin zakara.

"Ɗiyata, tambayar mini abin naki. Wannan ya isa sadaka, ko sai rago?"

Dariya ta taso mini, da na kalli idonsa ta koma. Ashe ranar ce zai dasa shinkafa. Ya sallami masu dashe, irin da aka riga aka cire yana can kwance yana yaushi. In rana ta take, noman bana ya tafi. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na harari direba har ya shige bayan mota.

Na zaunar da shi na kunna ordinater. Na ɗauke ɓular da hannuna na kai ta wani wuri, tabon ya bar gonarsa. Na mayar da ita, na rufe makullin bututu, tabon ya tsaya ɗan mitsitsi.

"Ka gani, Baba? Ni ke zaɓar inda zai ɓule."

"To zai ɓule ko ba zai ɓule ba?"

"Allah kaɗai ya sani. Ita 'in' kawai ta iya: in ya ɓule nan, ga inda zai bi."

Sai ya fashe da dariya.

"In? In kogi ya cika, in tsuntsu ya sauka, in dorina ta fito. Ai da 'in' nake noma tun ba a haife ki ba."

Ya miƙe yana ƙwala wa 'ya'yansa kira da Dendanci. Zakaransa kuwa ya tafi da abinsa, direba na binsa da ido.

Da muka kama hanyar gida sai muka biyo ta bakin fadamar, ga su sun duƙa cikin ruwa har gwiwa suna dashe. Dattijon ya ɗago hannu duk taɓo ya yi mana sallama. Mun iso Yamai da magariba, a gajiye, da damin rake a bayan mota. Na daɗe ina yawo da tabon nan a taswira a biro, wato ofishinmu, ina kai shi inda na ga dama ina shan shayina. Sai a Gaya na san duk inda na ajiye shi, abincin wani gida ne a ƙarƙashinsa.