Odessa Pinkney da Fentin Taga

Odessa Pinkney ta zo layinmu na yammacin birnin Baltimore da keken ɗinki da 'yarta Renita a kafaɗa. Ta kama hayar gidan jan bulo da ke manne da nawa. Taga ce ta ja ta gidan, babba, mai kallon titi. Da hantsi rana kan kwararo ta cikinta, ƙura na yawo a hasken kamar garin zinariya, Odessa na ɗinka rigunan mawaƙan coci tana rera waƙa ƙasa-ƙasa.

A bakin tagar nan Renita ta yi wayo. Takan ɗora haɓa a kan katakon tana jiran mai keken doki da ke tallar kankana. Ga baki kamar aku.

"Anti Vernell," takan kira ni, "dokin nan ya san sunana!"

"Ji min 'yar nan! Shi ya gaya miki?"

Wata bazara sai surutun ya fara raguwa. Yau ta manta sunan cokali, gobe a kira ta ta yi shiru tana kallon sama, kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Likita ya auna jininta, ya ce gubar dalma ce, daga tsohon fentin da ke ɓarewa a tagar. Ashe fentin zaƙi gare shi, yarinya na tsinta tana tsotsa.

Da mai gidan, Mista Aldridge, ya zo, a kan matakala suka haɗu da Odessa.

"Madam, gidan nan ya girmi kakata," in ji shi. "Ke ma ki riƙa sa ido kan 'yarki mana."

"Sau nawa na nuna maka fentin nan?" Odessa ta ce, murya a kwance. "Kullum sai ka ce bari sanyi ya wuce. Sanyin naka ba ya wucewa ne?"

Ta tashi daga gidan, ta kai Mista Aldridge kotu. Shari'a ta ja har Renita ta shiga makaranta, aka sa ta ajin masu jinkirin fahimta. Ni nake raka Odessa. Takan zauna ta harɗe hannu, idonta na kan alƙali amma hankalinta na can wani wuri. A ƙarshe kotu ta ce gyaran fentin haƙƙi ne a wuyan mai gida, ya sani kuma ya ƙi, don haka shi zai ɗauki nauyin magani da karatun yarinya.

Na zaci za ta yi guɗa. Da muka fito sai ta daɗe tsaye tana kallon tantabaru.

"Vernell, 'yar'uwa, ƙaguwa nake marmari," ta ce. "Mai yaji sosai."

Muka je bakin ruwa muka ci, tana fasa ɓawo hawaye na zuba, ta ce yaji ne.

Yanzu Renita ta zama mace, tana aikin ban ruwa a lambun furanni na birni. Maganarta a hankali take fita. Odessa kuwa ido ya yi rauni, ta bar ɗinki. Ran Lahadi na gan su a bas za su coci, Renita na karanta mata sunayen tituna harafi-harafi. Kafin ta gama ɗaya mota ta riga ta wuce shi, amma Odessa ta lumshe ido tana gyaɗa kai, tana jira ta ƙarasa.