Takalmin Kawu a Ƙofar Coci

Kawuna magini ne. Ya zo daga Garwa ganin likitan ido, da aka sallame shi ya ce ba zai koma ba sai ya ga ginin mutanen zamanin da. Muka hau babur daga unguwarmu ta New Bell zuwa wajen tashar jirgin ruwa. Wani mai gadi da na sani ya shigar da mu wata tsohuwar hanya a ƙarƙashin sito, wadda ake cewa tun zamanin Jamus take. Ruwa har idon sawu, ga warin gansakuka. Kawu yana shafa tubali da tafin hannu, yana cewa wanda ya jera wannan bai ci amanar aiki ba.

Da muka fito ya hango hasumiyar tsohon babban coci, ya ce can ma za mu. A ƙofa ya tuɓe takalmi, hularsa na kai, yadda ya saba shiga masallaci. Mai tsaron ƙofa ya gaya mana a nan hula ake cirewa, takalmi kuwa a bar shi a ƙafa. Kawu ya miƙo mini hular, amma ya ƙi mayar da takalmin. Ya ce ba ya taka ɗakin ibadar kowa da taɓo. Haka ya zaga yana ɗaga kai, yana duba yadda aka ɗaure rufin.

Wani ɗan unguwarmu ya gan mu, labari ya riga mu isa gida. Bayan la'asar, a bencin ƙofar masallaci, wani dattijo ya dube ni.

"Kai ma ka shiga?"

"A waje na tsaya, Baba."

Ƙarya na yi, ni da na bi shi da hula a hannu. Kawu, da ke zaune a bencin, ya kalle ni. Kwana biyun da suka rage masa, mutanen da suke matsa masa wuri a benci suka daina. Har ya hau mota bai tayar da maganar ba.

Ranar Juma'a na koma bencin nan na ce na shiga, har gaba na je, kuma idan Kawu ya dawo ni zan sake kai shi. Dattijon ya ce in tuba. Na ce ai tubar ce ta kawo ni: na bar ƙanen mahaifiyata shi kaɗai a bakin mutane. Shigar kuwa ba zan nemi gafarar kowa a kanta ba.

Har yau akwai masu amsa gaisuwata da ƙyar. Su ta shafa.