Kawu Izzat Baig, Wanda Ya Fasa Hanya a Zard Sar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha bakwai ga Satumba, Allah Ya karɓi ran kawuna Izzat Baig a gidansa da ke ƙauyenmu Purzin, yana da shekara saba'in da huɗu. A kan shimfiɗarsa ya cika, shi da kowa ya ɗauka dutse ne zai zama ajalinsa.

Kawu, na zauna da niyyar rubuta kuka, amma duk abin da na tuno game da kai sai in ji jinina ya motsa.

Babu ƙololuwar da ke kewaye da kwarin nan da ba ka taka ba, ba sawun kowa a gabanka sai na awakin dutse. Shekarar da na dawo gida koyarwa, ka iske ni ina kurɓar shayin gishiri, ka ce, "Malam, kana koya wa yara taswirar duniya, ko bayan gidanku ba ka sani ba. Tashi!"

Ranar ce na hau dutsen Zard Sar da ke bayan ƙauyenmu. Tsakuwa tana zame min, in yi taku uku ta maido ni biyu. Da rarrafe na ce, "Kawu, wai ina hanyar?"

Ka ce, "Ga ta nan a tafin ƙafarka, ɗan birni!"

Da azahar muka kai. Wayyo, abin da na gani! Ƙololuwa farare fat a jere har inda ido ya gaza, iska tana neman ɗauke min hula, ni kuwa ina ihu kamar yaro. Ka kama kafaɗata ka juya ni. Can ƙasa, ta ɗaya gefen, ga makiyayar da matanmu ke yin wata biyar da dabbobi, har hayaƙin bukkokinsu ina gani. Tun kakanni sai an yi kwana uku ana bin kogi, a tsallake shi sau biyu, kafin a kai can. Ka ce, "Da a ce akwai hanya a nan, da tafiyar wuni ɗaya ce."

Da ka kai maganar gaban dattawa, Mirza Nayab, wanda ya girme ka, ya miƙe. Ya ce, "Izzat, dutsen da ba shi da hanya shi ke da mutunci. In ka fasa hanya, baƙi masu hawan dutse za su cika mana shi da leda, namun daji su gudu."

Ka ce, "Yaya, baƙin ai sun riga sun iso. Kowa fasa tasa yake yi, suna tattake ciyawa, suna gangaro mana da duwatsu cikin sha'ir. Hanya ɗaya za ta tara ƙafa wuri guda, sauran dutsen ya huta. Kuma kogin nan, mata nawa ya ci?"

Matar Mirza Nayab, Bibi Sitora, tana cikin waɗanda kogin ya ci.

Bazara uku muna aiki da diga da guduma da igiya. Inda dutse ya miƙe kamar bango, kai ne aka zura da igiya kana kafa itace, kana waƙa, muna ƙasa muna salati. Shanunka tara, huɗu ka yanka don ciyar da ma'aikata. A al'adarmu mai ciyarwa shi ke raɗa wa hanya suna, kowa ya zaci na mahaifiyarka za ka sa. Sai ka ce, "Hanyar Bibi Sitora ce." Mirza Nayab ya share ido da bakin rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki dutse ya jera a gefen hanyar, ya ce, "Har yanzu fa ban yarda da kai ba."

Ranar da ka rasu, ɗan aike ya hau hanyarka zuwa makiyaya. Washegari kafin a ɗauke ka, muka hango mata arba'in suna gangarowa a jere, 'yarka Gulshan a gaba. Ta ga fuskarka, Kawu. Da ta kogi ce, da sai dai ta tarar da kabari.

Saura ƙololuwa biyu da ka jera wa tarin duwatsu alamar inda hanya za ta bi. Mu da muka yi aiki da kai mun yi magana, da zarar ƙanƙara ta narke za mu hau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Nigor, abokiyar zamanka ta shekara hamsin, da Gulshan da ƙannenta, da dukan mutanen Purzin. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka sauƙaƙa wa bayinSa hanya, Allah Ya sauƙaƙa maka tsallake siraɗi. Amin.